Jirgin faiba ma yana ruɓewa: Yadda ake gano ɓarnar, a gyara ta, a kuma ɗaure tankin mai

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife da jama'a a Arewacin Najeriya, maganar da ke biyo bayan ta'aziyya kusan ɗaya ce: a daina ɗaukar fasinja a jiragen katako, a koma na faiba. An ji ta bayan jirgin da ya dare a kusa da Warrah ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021. An sake jin ta a ƙarshen Nuwamban wannan shekara, lokacin da jirgi ya nutse a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya. Haka aka yi bayan hatsarin Patigi a Yunin 2023, wanda ya ci rayuka sama da 100, da na Gbajibo a Oktoban 2024. Ministan Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, Adegboyega Oyetola, ya sha kira ga jihohin da ke da koguna su maye gurbin jiragen katako da na faiba ko alminiyam, kuma Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana kan wannan ra'ayi.

Kiran yana kan hanya. Sai dai akwai wata fahimta da ta biyo shi wadda ke da haɗari, wato cewa jirgin faiba ba ya ruɓewa, don haka da zarar an saya an huta. Rabin gaskiya ce. Fatar jirgin ba ta ruɓewa, amma a cikin yawancin ƙananan jiragen faiba akwai katako da aka lulluɓe, kuma shi ne ke ɗauke da nauyin inji da na tankin mai. Jirgin katako idan ya fara lalacewa kowa yana gani, mai shi ya nemo kafinta. Na faiba kuwa yana iya yin ƙyalli a waje alhali cikinsa ya zama kamar dusa.

Batun ya shafi mutanen Kaduna fiye da yadda ake zato. Kakau, da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, ita ce ƙofar birnin daga kudu a kan hanyar Abuja, kuma jirgin da aka loda a tirela daga Legas ko Warri ko Fatakwal aka biyo da shi ta Lokoja da Abuja, ta nan zai shigo. Jirgin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye sau da yawa na hannu ne, wanda ya riga ya yi shekaru yana aiki a wani ruwan. Kogin Kaduna kuma, wanda ya taso daga tsaunukan Filato ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Neja, yana ratsa Chikun ya nufi tafkin Shiroro da Zungeru, inda masunta da masu fito da 'yan kasuwar ƙauyukan bakin ruwa ba su da wata hanya sai jirgi. Ƙwararrun masu gyaran jiragen faiba sun fi yawa a garuruwan bakin teku. Wanda ya sayi jirgi a nan, sau da yawa shi da kafintan garinsu da mai gyaran bambar mota ne za su yi ta fama da shi.

Mene ne faiba?

Abu biyu ne aka haɗa. Na farko zaren gilashi ne sirara ƙwarai, waɗanda ake saƙawa kamar tabarma ko a yayyanka a manne su kamar bargo. Na biyu wani ruwan gam ne mai kauri da ake kira rezin, wanda idan aka ɗiga masa maganin daskarwa yakan yi zafi ya sandare ya zama kamar ƙashi. Gilashin ke ba da ƙarfi, rezin ke riƙe shi ya hana ruwa wucewa. A waje kuma akwai wata siririyar fata mai launi da santsi, jelkot, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Kamfanin Owens-Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1938, shi ne ya fito da zaren gilashi kasuwa sosai, kuma ana danganta jirgin faiba na farko ga wani maƙeri mai suna Ray Greene na birnin Toledo a Jihar Ohio, a 1942.

Faiba tana da ƙarfi amma tana lanƙwasa. Don a hana ta lanƙwasawa, maƙera kan sa katako a wurare uku. Akwai allon baya, inda ake rataye inji, wanda galibi filawud ne mai kauri a tsakanin fatu biyu na faiba. Akwai dogayen katakan da ke kwance a gindin jirgi daga gaba zuwa baya da waɗanda suka gitta su, abin da za a iya kira haƙarƙarin jirgi. Sai kuma daɓen da ake takawa. Wasu sababbin jirage suna amfani da wani irin soso mai tauri a madadin katako, amma tsofaffin da ke zuwa hannunmu katako ne a cikinsu.

Abin da ke cin katakon funfuna ce, kuma ba ta rayuwa sai da danshi da iska da ɗumi. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa ko da ya shekara nawa. Matsalar ita ce, lulluɓin faiba da aka yi don ya kare katakon, shi ne ke hana shi bushewa idan ruwa ya samu ƙofa. Ƙofar kuwa ƙarama ce: ramin notin inji, ramin sukurun da aka ɗaura benci, ramin magudanar ruwa ta baya, ko tsagar da aka samu ranar da jirgi ya daki kututture. Tafkunan madatsun ruwa irin su Shiroro da Kainji cike suke da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, don haka irin wannan duka ba baƙon abu ba ne.

Akwai wani abin da mai sayen jirgi daga Kudu ya kamata ya sani. Ruwan gishiri yana rage wa funfuna ƙarfi, ruwan daɗi kuwa abincinta ne. Jirgin da ya jure shekaru a ruwan teku yana iya saurin lalacewa idan ya zo kogi, musamman idan ana barin sa a buɗe ruwan sama ya kwanta a cikinsa tun daga Mayu har Oktoba, a yankin da ke samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara. Yawancin ruɓar da ake samu daga sama ruwanta ya shiga, ba daga kogi ba.

Yadda ake gane ɓarna

Kayan binciken ba su wuce ƙaramar guduma, sukundireba da injin huda ba. A fitar da jirgin tudu, a wanke shi, sannan a bi shi da ƙwanƙwasa a hankali, taki bayan taki. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, guduma ta yi tsalle ta dawo. Wurin da fata ta rabu da katako, ko katakon ya jiƙe, ƙararsa a dushe take kamar an buga buhun gari. Duk inda aka ji haka a zagaye shi da alli.

Allon baya yana da gwajinsa na musamman. A ɗaga ƙafar inji sama, mutum ya danna ta da ƙarfinsa yayin da wani ke kallon allon. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Idan ya lanƙwasa, ko aka ga tsaga kamar saƙar gizo-gizo a kusurwoyinsa, ko washar noti ta nutse cikin fata, ko wani ruwa mai launin shayi yana tsatsowa daga ramin noti, to katakon ciki ya tafi. Injin da ke da ƙarfin doki 40 yana da nauyin kusan kilo 70, kuma duk ƙarfin turawarsa a kan wannan allo yake sauka. Ranar da allon ya ɓalle a tsakiyar ruwa, inji da bayan jirgin tare za su tafi, ruwa kuma ya shigo ta inda babu mai iya tare shi.

Don a tabbatar, a huda ƙaramin rami daga ciki, kusa da ƙasa, ba tare da an fasa fatar waje ba, a duba garin da ya fito. Fari busasshe alamar lafiya ce. Baƙi mai danshi da wari kuwa ba ya bukatar fassara. A ci gaba da hudawa ana matsawa har a kai inda garin ya koma fari, nan ne iyakar ɓarnar. Ramukan gwajin nan dole a toshe su da rezin daga baya, in ba haka ba an ƙara wa ruwa ƙofofi.

Daɓen da ke lotsawa a ƙarƙashin ƙafa shi ma shaida ne, kuma da wuya a ce shi kaɗai ya lalace. Idan daɓe ya ruɓe, a ɗauka haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa ma sun taɓu har sai an buɗe an gani. A wasu jiragen akwai soson kumfa a ƙarƙashin daɓe wanda aikinsa shi ne hana jirgi nutsewa gaba ɗaya idan ya cika da ruwa. Idan ya tsufa yakan sha ruwa ya yi nauyi, jirgin ya riƙa zama ƙasa-ƙasa a ruwa yana shan mai fiye da da, mai shi yana zargin inji.

Akwai kuma ƙuraje da ke fitowa a fatar gindin jirgin da ya daɗe a ruwa. Waɗannan ba ruɓa ba ce. Ruwa ne ya ratsa jelkot ya taru a ƙarƙashi. Ana fasa su, a wanke, a bari su bushe sosai, a cike. A kare ido lokacin fasawa, domin ruwan cikinsu mai tsami ne kuma yakan yi feshi.

Gyaran kansa

Ƙa'ida ta farko ita ce ruɓaɓɓen katako ba ya gyaruwa, cire shi ake yi. Abin da aka fi gani shi ne a shafa sabuwar faiba a kan tsohuwar ɓarna, ko a ɗaura farantin ƙarfe a bayan allo a matse da noti. Wannan rufe tukunya ne a kan abin da ya riga ya lalace. Jirgin zai yi kyau a ido na wata shida, funfuna kuma ta ci gaba da aikinta cikin kwanciyar hankali.

Ana fara aikin allon baya daga ciki, don a bar fatar waje yadda take ta riƙe siffar jirgin. Kafin a yanka komai, a tallafe jirgin da kyau a kan katakai ta yadda ba zai murɗe ba, domin jirgin da aka cire wa haƙarƙari yakan saki jiki, kuma idan aka yi gyara a kan murɗaɗɗen jirgi haka zai zauna har abada. A yanke fatar ciki da giranda, a bar ɗan baki na kimanin santimita 7 zuwa 10 a gefe wanda sabuwar faiba za ta kama. A kankare tsohon katakon duka da kurfi har a kai ga fatar waje, a goge ta da samfefa mai kaushi, sannan a bari ta bushe. Bushewar nan kwanaki take ɗauka, wani lokaci makonni, kuma a nan ne haƙurin yawancin masu jirgi ke ƙarewa, domin kowace rana da jirgi ya yi a tudu rana ce da ba a samu kuɗin fito ba. Amma rezin ba ya kama wuri mai danshi ko mai maiƙo. Akwai gwaji mai sauƙi: a manne farar leda a wurin da salatif, a bar ta cikin rana na wasu sa'o'i. Idan ta yi gumi daga ciki, da sauran ruwa.

Sabon katakon ya kamata ya zama filawud na jirgin ruwa, wanda aka manne da gam ɗin da ba ya narkewa kuma babu ramuka a tsakanin sassansa. Ma'aunin da aka fi sani a kansa shi ne na Birtaniya mai lamba BS 1088. Filawud ɗin silin ko na kabad ba zai yi ba. Wanda ke shakkar abin da aka sayar masa ya yanki ɗan guntu ya tafasa shi a tukunya na wasu sa'o'i, na ƙwarai zai fito a haɗe, na banza zai ɓare kamar albasa. Ana yanka shi bisa zanen kwali da aka auna a jikin jirgin, a haɗa falle biyu ko uku har a kai kaurin na asali, a shafe kowane falle da rezin ta ko'ina, musamman bakin yanka, inda katako ya fi shan ruwa. Sai a shafa rezin mai kauri a fatar jirgin, a danna katakon a matse shi har gam ya fito ta gefe, alamar babu iska a tsakani. A cike kusurwoyi a mai da su masu lanƙwasa, domin zaren gilashi ba ya kwanciya a kusurwa mai kaifi. Daga nan a lulluɓe da faiba falle-falle, kowane falle ya zarce na ƙarƙashinsa ya kama gefen jirgi da gindinsa. Haka ake yi wa haƙarƙari, ɗaya bayan ɗaya, ba a cire su duka a lokaci guda ba.

Idan kuma fatar ce kanta ta fashe, sirrin facin yana cikin gangaren da ake goge wa bakin ramin. Ƙa'idar ita ce 12 bisa 1: idan kaurin fatar milimita 6 ne, a goge gangare mai faɗin kimanin santimita 7 a kewayen ramin, ya zama kamar faranti. Wannan ne ke ba sabuwar faiba wurin kamawa. A share da asiton, ba da fetur ba, a yanka faci masu girma daban-daban, a jera su har su cike gangaren. Bargon gilashi mai nauyin giram 450 a kowace murabba'in mita yana ba da kaurin kusan milimita ɗaya, don haka fata mai milimita 6 tana neman falle shida ko kusa da haka. Masana sun rabu a kan wanda za a fara sawa, babba ko ƙarami, kuma kowane yana aiki idan an yi da kyau. Abin da babu saɓani a kansa shi ne a fitar da duk kumfar iska da ɗan abin birgima ko buroshi har gilashin ya zama garai-garai. Duk inda ya rage fari, rezin bai shige shi ba. Kada kuma a ɗora fiye da falle uku a lokaci ɗaya, saboda zafin da rezin ke fitarwa yana iya ƙona aikin.

Rezin iri biyu ne a kasuwa. Foliyesta, wanda da shi aka ƙera yawancin jiragen, ya fi araha kuma shi masu gyaran bamba da tankunan ruwa suka saba da shi. Ifoksi, dangin gam ɗin nan na Araldite, ya fi tsada sosai amma ya fi kama tsohuwar faiba da katako, ya kuma fi hana ruwa. A ra'ayin mai wannan rubutu, idan kuɗi ba su kai a yi aikin duka da ifoksi ba, to a kashe su a inda katako yake, wato shafe filawud da manne shi da toshe ramuka. Sai dai a tuna cewa ifoksi yana kama foliyesta, amma foliyesta da jelkot ba sa kama ifoksi da kyau, don haka inda aka yi da ifoksi a ƙarasa da shi, a rufe da fenti domin rana na lalata shi.

Awon maganin daskarwa ba abin yi da ido ba ne. Foliyesta na bukatar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo ɗaya, kuma sirinjin da ake samu a kemis ya isa awo. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna a tsaya a kashi 1, a dama kaɗan-kaɗan, a yi aiki da sassafe a inuwa, in ba haka ba rezin zai daskare a cikin kwano kafin a kai shi jikin jirgi. Ƙasa da kashi 1 kuwa ba zai taɓa sandarewa yadda ya kamata ba. Lokacin da ya fi dacewa da babban gyara shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta bushe, ruwan kogi ya ja baya. Matsalarsa ɗaya ce, ƙura, don haka a kewaye wurin aikin da tamfol. Maganin daskarwar nan ɗigonsa ɗaya yana iya makantar da ido, ƙurar gilashi kuma tana cutar da huhu tana sa ƙaiƙayi. Tabarau da safar hannu da takunkumi mai kyau ba ado ba ne. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta a kusa, a kuma nisanta aikin da wuta da taba.

Tankin mai

A yawancin jiragen da ke koginmu, tankin mai jarka ce da aka zura wa tiyo aka ajiye kusa da ƙafar matuƙi. Kowa ya saba, shi ya sa ba a ganin haɗarin. Litar fetur tana da nauyin kusan giram 740. Jarka mai lita 25 ta kusa kilo 19 ke nan, duro mai lita 200 kuma ya kusa kilo 150. Nauyin da ba a ɗaure ba yana gangarawa ɓangaren da jirgi ya karkata, a daidai lokacin da ake bukatar ya tsaya wuri ɗaya. Tankin da ke rabi ya fi cikakke wannan illa, domin man da ke ciki shi ma yana kai-komo. Wannan ne dalilin da ya sa ake sa wa manyan tankuna shinge a ciki.

Babban haɗarin dai tururi ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a gindin jirgi da ƙarƙashin daɓe kamar ruwa. Idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga kan batir ko guntun taba ya isa. Jirgin faiba kuma yana ci da wuta, da baƙin hayaƙi mai guba, kuma ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Abin kashe gobara mai hoda shi ne maganinta, a rataye shi inda hannun matuƙi zai kai, ba kusa da tankin ba.

Ga ƙaramin jirgi, abin da ya fi shi ne jan tankin roba da ake ƙerawa musamman don injin jirgi, mai ɗaukar lita 24 ko 25, mai tiyonsa da famfon matsawa da ɗan sukurun shan iska a murfi. A ajiye shi a buɗaɗɗen wuri da iska ke ratsawa, a ƙasa-ƙasa kuma a tsakiyar jirgi gwargwadon hali, a yi masa inuwa amma kada a kulle shi a akwati, kada kuma ya zauna wuri ɗaya da batir. A yi masa shinge na ƙananan katakai a gefe huɗu don kada ya zame, sannan a ɗaure shi da maɗauri biyu masu faɗi ta sama. Igiya ko robar taya ba ɗauri ba ne, suna saki. A riƙa sauke shi tudu a ajiye a ƙasa kafin a zuba mai, inji a kashe, kuma kada a cika shi fal, domin fetur yana kumbura da zafi. Tiyon ya zama na mai, ba farin tiyon da magina ke awo da shi ba, wanda fetur ke busarwa ya tsage. Kowane bakin tiyo a matse shi da maɗaurin ƙarfe marar tsatsa.

Tankin da aka gina a ƙarƙashin daɓe ya fi wannan neman kulawa. Dole ya samu tiyon numfashi da ke fita wajen jirgi, da bakin zuba mai a inda abin da ya zube ba zai gangara ciki ba, da ƙofar dubawa a daɓe. Idan na alminiyam ne, babban maƙiyinsa ruwan da ke maƙale a jikinsa. Tankin da aka kwantar kai-tsaye a kan katako, ko kafet, ko aka binne cikin soson kumfa, yakan yi ƙananan ramuka daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A ɗora shi a kan sirara, tsayayyun layukan roba mai tauri da ba ta shan ruwa, a manne su a jikin tankin, ta yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, a kuma sa irin wannan shimfiɗa tsakanin maɗauri da tanki. A guji baƙar robar taya, domin sinadarin gawayin da ke cikinta yana cin alminiyam idan akwai danshi. Na roba kuwa yakan ɗan kumbura bayan ya sha mai a karon farko, don haka a bar masa ɗan sarari. Idan ya tsage ba a yi masa faci da faiba, rezin ba ya kama irin wannan roba. Tankin ƙarfe da ya taɓa ɗaukar fetur kuma kada a kai shi wurin mai walda da sunan ai babu komai a ciki, tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa. Sauyawa ta fi.

Wasu tsofaffin jirage tankinsu ma na faiba ne, an gina shi a jikin jirgin. Irin wannan ba ya jure fetur mai gauraye da sinadaran itanol ko mitanol, waɗanda ke narkar da rezin ya bi mai ya toshe inji, tankin kuma ya fara tsatsa. Masu jirage a Amurka sun ga haka lokacin da fetur mai itanol ya yaɗu a can. Mu ma nan ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan mitanol da aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam a farkon 2022 ba.

Gwajin yoyo ana yin sa ne da iska kaɗan. A toshe duk ƙofofin tankin, a hura da famfon keke har ma'auni ya nuna 3 a awon da masu faci ke auna taya da shi, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai a duba kumfa, a kuma lura ko allurar tana sauka. Tayar mota tana ɗaukar ninki goma na wannan, don haka injin mai faci yana iya fasa tankin cikin daƙiƙa. Bayan wannan, hanci ne ma'auni na kullum: kafin a tayar da inji kowace safiya, a sunkuya a shinshina gindin jirgi.

A wajen ɗaure tanki ne matsalolin biyu ke haɗuwa. Maɗauri ba ya fin abin da aka kafa shi a kai ƙarfi, kuma sukurun da aka murɗa cikin ruɓaɓɓen haƙarƙari da hannu ma ana iya zare shi. Sannan kowane sukuru da aka murɗa cikin sabon katako ba tare da kariya ba, sabuwar ƙofar ruwa ce, a daidai wurin da ruwa ya fi kwanciya. Hanyar da ta fi ita ce a manne ƙananan katakai a jikin haƙarƙari da ifoksi, a lulluɓe su da faiba, a kafa maɗaurin a kansu. Inda kuma hudawa ta zama dole, kamar notin inji, a huda ramin ya fi notin faɗi, a cike shi da ifoksi mai kauri, a bari ya sandare, sannan a sake huda daidai girman notin a tsakiyar ifoksin. Ta haka noti ba ya taɓa katako ko kaɗan. A sa babbar washa ko faranti ta baya, a shafa gam ɗin toshe ruwa na jirgi, ba silikon ɗin banɗaki ba. Ba a taɓa murɗa sukuru a fatar gindin jirgi.

Ba kowane jirgi ne ya cancanci wannan wahala ba. Idan allon baya da haƙarƙari da daɓe duk sun tafi, fatar kuma ta yi laushi tana lotsawa da dannawar hannu a wurare da yawa, kuɗin rezin da gilashi da filawud da kwanakin aiki na iya kusantar kuɗin wani jirgin. Shi ya sa binciken guduma ya fi amfani kafin a biya kuɗi, tun jirgin yana wurin mai sayarwa, ba bayan an sauke shi daga tirela a Kaduna ba. Sabon fenti a kan tsohon jirgi, musamman a allon baya kaɗai, dalili ne na ƙara dubawa. Wanda aka gyara kuma a gwada shi a ruwa marar zurfi babu fasinja, da buhunan yashi a madadinsu, a duba kowane mahaɗi, kafin a koma fito. Idan an gama aikin yini a cire toshiyar magudanar baya, a ɗaga gaban jirgin, a rufe shi da tamfol ta yadda iska za ta shiga amma ruwan sama ba zai kwanta ba.